Salansa da ƙafar yaro

Jiya da la'asar ina tsaye a Kwangila, a Zariya, ina jiran motar Samaru, sai ɗan acaɓa ya tsaya zai sauke wata baiwar Allah da 'ya'yanta uku. Ƙaramin, da bai wuce shekara huɗu ba, ya sulalo ta hannun dama, ƙaurinsa ya manne da salansa. Ihun da ya tsala har masu rake sai da suka waiwayo.

Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a nemo man goge baki, wancan ya ce ɗanyen ƙwai. Wani bakanike har ya taho da baƙin mai a murfin galan, wai shi ke hana tashin bororo. Da ƙyar na shawo kan uwar. Na ce, "Hajiya, don Allah ruwa kawai." Muka sayi ruwan leda muka yi ta kwarara masa.

Abin da ƙuna ke buƙata da farko ke nan: ruwa mai ɗan sanyi yana zuba a kai kamar minti 20. Ban da ƙanƙara. Mai da ƙwai da manja riƙe zafin suke yi a cikin fata, su kuma jawo ƙwayoyin cuta. Kada a fasa bororon, kada a ɓamɓare rigar da ta manne. In wurin ya fi tafin hannun yaron faɗi, ko a fuska ne ko a al'aura, a wuce asibiti, ko da asibitin koyarwa na Shika ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijo: "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Baba, na yarda da ƙaddara. Amma salansar baburan da ke yawo a garin nan a dama take, kowa ya sani. Ɗaga yaro a sauke shi ta hagu ba ya cin ko sisi. Haka 'yan'uwanmu mata masu barin gefen hijabi yana reto kusa da taya. In sarƙa ta kama shi, wuya yake shaƙewa. Hular kwano kuwa ba na ma son tada zancen. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sanya ta a 2009, ƙwarya wasu suka kifa a ka.

A gida ma hakan take. Tukunyar ruwan zafi a tsakar gida, yaro na rarrafe. Kalanzir a robar lemo a ƙarƙashin gado. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja don ya yi amai, aman ne ke kai shi cikin huhu.

Yaron dai ya yi shiru daga baya, yana ajiyar zuciya a kafaɗar uwarsa. Ɗan acaɓan kuwa yana gefe bai kashe inji ba, kuɗinsa yake jira.