Ku daina yi wa sansar zafi dairek, don Allah

Wannan hoton maikirowef da ke yawo tun jiya, wadda bayanta ya narke har wuta ta lashi kabad ɗin kicin, na ga ana ta cewa wai kayan yanzu ne ba su da ƙarko. Ba maganar ƙarko ba ce. Ku sake duba hoton da kyau. A jikin magnetoron, wato na'urar da ke fitar da igiyar da ke ɗumama abinci, akwai wayoyi biyu da aka murɗe wuri ɗaya aka naɗe da baƙin tef. Nan ne mazaunin sansar zafi. Wani mai gyara ne ya cire ta, ya yi dairek, wato ya haɗa wayoyin kai tsaye, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Ganganci ne da rayukan mutane, kuma da yake sana'ata ce, abin ya ƙona min rai matuƙa.

'Yar abar nan ba ta fi girman kwabo ba, ƙafa biyu gare ta. Aikinta ɗaya tak: idan zafi ya wuce lambar da aka buga a jikinta, ta yanke wuta. Galibi za ka ga lambar tsakanin 120 da 160 a ma'aunin salshiyos. To idan maikirowef tana aiki na 'yan mintoci ta mutu, ta huce ta dawo, sansa lafiyarta lau. Gaskiya take faɗa maka, akwai zafi a ciki. Mai gadi ya yi ihun ɓarawo, kai kuma ka je ka ɗaure bakin mai gadi?

Abin da ya kamata ka nema shi ne daga ina zafin yake fitowa. Fanka tana juyawa da ƙarfinta, ko maiƙo ya riƙe ta? Ramukan iska na baya da na gefe a buɗe suke, ko ƙurar hunturu da kashin kyankyasai sun toshe su? An manna ta da bango? An lulluɓe ta da ƙyallen ado? Yara suna kunna ta babu komai a ciki? Wannan na ƙarshen yana gasa magnetoron, domin igiyar da yake fitarwa ba ta samu abincin da zai shanye ta ba, sai ta koma masa. Duk waɗannan ba sa buƙatar ka taɓa sansa.

Ko da ita ce ake zargi, gwada ta ba wuya ga mai gyara. Ka cire soket, ka sauke cajin kafasita, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, tukuna, ka zare waya ɗaya daga ƙafarta, ka ɗora mitar gwajin wuta. Tana a sanyi ya kamata mita ta yi ƙara, alamar wuta tana wucewa. Idan ta yi shiru, ta mutu, ko kuma irin fiyus ɗin nan ce da ke yankewa sau ɗaya ba ta dawowa. Sai ka sa wata mai lamba iri ɗaya. Iri ɗaya na ce. Wanda ya cire ta 145 ya sa ta 200 shi ma dairek ya yi, kunya ce kawai ta hana shi murɗa waya. Wasu maikirowef masu gasa abinci kuma, waɗanda ke da allon lambobi, suna da tamista, wata irin sansar zafi, ita kuma idan ka ɗumama ta karatun mita sauka yake yi. Idan bai motsa ba, ka samo matsalarka.

Na san abin da za a cika min sharhi da shi. Wai babu kayan gyara. Akwai. Irin sansar nan mai suna KSD301 har a tukunyar shinkafa ta lantarki da na'urar ruwan zafi ana samun ta, kuma kowane shago yana da matattun maikirowef jibge a lungu. Wai kwastoma yana sauri. Ya yi ta saurinsa. Wai na sha yi ba abin da ya faru. Allah ne ya tsare, ba gwanintarka ba.

Ku kuma iyayenmu mata da ƙannena amare, idan an dawo muku da ita, ku tambaya kai tsaye: me ka canza? Ya nuna muku tsohuwar da ya cire da sabuwar da ya sa. Kuma kada maigida ya ce zai buɗe da kansa don ya kalli bidiyo a YouTube. Kafasitar ciki tana aiki da wutar da ta haura bolt 2,000, kuma tana iya riƙe caji bayan an cire soket. Tana kisa.

Tun da ana maganar, masu haɗa kayan ɗaki ku riƙa duba takardar da ke manne a bayan maikirowef kafin ku biya. Ta hannu da ta fito daga Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar kuwa 230 ce, kuna jonawa za ta lalace. Sannan wadda aka rubuta wat 800 a gabanta tana jan wajen 1,200 daga soket, ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke ta ba. Ku tambayi ango irin wutar da ke gidan tukuna.