Kiɗan da ba a kaɗa ba, da kunnuwan da muka toshe

A watan Agustan 1952, a garin Woodstock na jihar New York a Amurka, makaɗin fiyano David Tudor ya zauna gaban jama'a har minti 4 da daƙiƙa 33 bai kaɗa komai ba. John Cage, Ba'amurke mai tsara kiɗa, shi ne ya tsara abin haka. Masu sauraro ba su ji komai ba sai iska a bishiyoyi, yayyafi a kan rufi, da gunagunin su kansu. Wasu suka fice a fusace, suna ganin an raina musu hankali.

Ban ga laifinsu ba. Cikin abin da ake kira kiɗan gwaji, wato irin wannan kiɗa da ke saɓa wa abin da kunne ya saba, akwai shirme da yawa, wanda dogon bayani kawai ke riƙe da shi. Amma wanda ya watsar da fannin gaba ɗaya ya yi asara, domin babu wani kiɗa da ya damu da horar da kunne kamarsa. Tun 1944 Halim El-Dabh, Bamisre mai tsara kiɗa, ya naɗi muryoyin wani taron gargajiya a Alƙahira, ya sarrafa su da na'ura. A 1948 Bafaranshe Pierre Schaeffer ya haɗa kiɗa da ƙarar jiragen ƙasa a Paris. Dukansu sun ɗauki sautin da ake wucewa ba a kula, suka ajiye shi a gabanmu.

Ƙwaƙwalwa takan yar da duk sautin da ta saba da shi. Shi ya sa mutum zai shekara goma a unguwa bai san tana da kiɗanta ba: shara da sassafe, hayaniyar 'yan makaranta, takun maƙwabci da ake ganewa tun bai iso ba, tsuntsayen da ke farawa kafin motoci. Wanda ya san wannan tsari shi ne zai lura ranar da ƙofar wata tsohuwar maƙwabciya ba ta yi ƙara ba, ya je ya duba lafiya. R. Murray Schafer, mai tsara kiɗa ɗan Kanada, da abokan aikinsa sun bi titunan birnin Vancouver a shekarun 1970 suna naɗar irin waɗannan sautuka, don sun ga rurin injina na haɗiye su.

Sai dai kada a wuce gona da iri, a ce kowace ƙara kiɗa ce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 53 a ma'aunin ƙarfin sauti, saboda alaƙarta da ciwon zuciya. Mai kwana kusa da babban titi ba ya buƙatar a koya masa jin daɗin hon.

Abin da ke damuna shi ne maganin da muka zaɓa. Na'urar kunne mai kashe ƙara tana ba wanda ya saya salama, ta bar jariri da mara lafiya cikin hayaniyar. Kuma wanda ya toshe kunnensa ba zai taɓa kai ƙorafi kan injin da ke hana unguwa barci ba.