Rawani ba ya ƙyanƙyashe ƙwai

Ƙannena masu kiwon tattabara a Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, ku ba ni aron kunnuwanku. Da zarar mutum goma sun haɗa ƙungiya, tun ba a sayi ko mudun dawa ba, sai a fara rabon sarauta: wannan Sarkin Tattabara, wancan Garkuwa, ga Jarma, ga Uban Ƙungiya. Daga nan maganar mai sarauta ta zama yankan wuƙa, yaron da ya fi shi sanin tsuntsu kuwa a ce ya rufe baki, manya na magana.

Sarautar sana'a tana da asali a wurinmu, amma da gumi ake samun ta. A da, sai manomi ya ɗaure dami dubu ake kiransa Sarkin Noma. Sarkin Fawa shi ake tuhuma in mushe ya shiga kasuwa. Taku fa? Yawanci wanda ya riga kowa zuwa, ko wanda ya fi sakin hannu ranar taro, shi ake naɗawa.

In kuna son sanin mai ilimin kiwo, ku bar sunansa, ku yi masa tambaya. Tattabara ƙwai biyu take yi, na biyun yakan zo bayan kusan kwana biyu, kuma kwanci kwana 17 zuwa 19 ne, namiji da rana, mace da dare. Ɗan shila yakan kai mako huɗu kafin ya bar sheƙa. Babbar tattabara tana cin kimanin giram 30 na hatsi a yini, dawa ko gero ko alkama, kuma sai da 'yan tsakuwa take niƙa shi a ciki. Wanda ya yi inda-inda a nan, kada ku karɓi shawarar magani daga bakinsa.

Sannan Legas ba Kano ba ce, kuma a nan ne masu rawani suka fi jefa yara cikin asara da dabarun da suka taho da su daga gida. Daminarmu doguwa ce, Yuni da Yuli ruwa ba ya ɗagawa. Buhun hatsin da aka ajiye a kan siminti yakan ja danshi ya yi fumfuna, tsuntsaye su ci su fara zawo. Ku ɗora shi a kan katako, ku riƙa sayen abin da zai ƙare a mako biyu. Sauro ma yana ɗauko cutar ƙuraje da ke fitowa a gefen ido da baki, don haka ɗaki yana son raga. In kun buɗe bakin ɗan shila kuka ga wani abu rawaya ya manne a maƙogwaro, cuta ce da ke bin ruwan sha da ɗurar da iyaye ke yi masa. A ware shi, a wanke mazubin ruwa kullum, a nemi likitan dabbobi. Wadda wuyanta ya murɗe tana juyi kuwa, ƙwayar cutar ba ta jin kafso, ko wa ya ce a ɗura mata. Sabuwar tattabara daga kasuwa a killace ta aƙalla mako biyu, ko da Sarki da kansa ne ya kawo ta kyauta.

Ban ce a raina manya ba, Allah Ya kiyaye. A gaishe su, a ba su kujera. Amma muƙaman da suka cancanci ku ɓata lokaci a kansu biyu ne: ma'aji da sakatare, domin a nan kuɗi yake. Ku zaɓe su da ƙuri'a, wa'adin shekara ɗaya, kada a fitar da ko naira ɗaya sai da sa hannun mutum biyu, kuma a karanta littafin shiga da fita a gaban kowa duk ƙarshen wata.