An Kwashe Mana Kaya Ana Saura Kwana Shida Sallah, Ko Rasit Babu

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Shekarata 14 ina sayar da kayan wasan yara a kasuwar Sabon Gari da ke Kano. Gobarar watan Maris na 2016 ta haɗa da rumfata, ban fitar da ko tsinke ba, na sake tashi da bashi da taimakon 'yan'uwa. Ban yi wa kowa ƙorafi ba a lokacin, don wuta ba ta da ofishin da za ka je ka tambaye ta dalili. Amma abin da aka yi mana a goman ƙarshe na azumin bana mutane ne suka yi shi, masu albashi, masu ofis, don haka dole in yi magana.

Ana saura kwana shida Sallah, wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta take, baki ya bushe, ina tsugune ina jera motoci masu batir, sai na ji layinmu ya yi tsit. Na ɗaga kai, ga a-kori-kura biyu sun toshe bakin layi. Wasu jami'ai ne, wasu da kaki, wasu da kayan gida. Babbansu ya tsaya a kaina.

"Ina mai wurin nan?"

"Ga ni, Yallaɓai. Barka da azumi."

"An hana sayar da bindigogin nan. Ku kwashe."

"Yaushe aka hana, Yallaɓai? Wallahi ba mu ji ba."

"Umarni ne daga sama."

Shi ke nan bayanin da na samu, daga ranar har yau. Daga sama. Sai ka ce ruwan ƙanƙara.

Kwali takwas suka ɗauka a wurina. Biyu daga ciki, ba zan yi ƙarya da bakin azumi ko bayansa ba, baƙaƙen nan ne masu kama da ta gaske, waɗanda ake ɗura wa ƙananan harsasan roba masu girman wake. Uku na masu ƙara da walƙiya ne, jajaye da ruwan ɗorawa, waɗanda ko makaho ya shafa ya san roba ce. Biyu na ruwa ne. Na ƙarshen kuwa masu fitar da kumfar sabulu ne, irin waɗanda iyaye ke saya wa 'yan shekara uku. Na ɗauko ɗaya daga cikin na ruwan, koriya shar, bakinta an yi shi da siffar kifi, na miƙa wa wani matashi a cikinsu.

"Oga, dubi Allah, wannan fa ruwa take fesawa."

Ya juya ta, ya kalle ni. "Tana da kunama ko ba ta da ita?"

"Tana da ita."

"To, bindiga ce."

Ya wurga ta bayan mota. In haka ne, abin fesa wa mota ruwa a wurin wanki ma yana da kunama, abin feshin maganin sauro ma yana da ita. A je a kwashe su mana.

Yaron shagona, ɗan yayata ne, shekararsa 16, ya riƙe kwalin masu kumfar yana cewa "Kawu, wannan ba ya ciki," sai da na daka masa tsawa ya saki, don na ga idon wani ya fara canjawa. Ban shirya bin belin yaro a jajibirin Sallah ba.

Na ce to a ƙirga, a rubuta mini abin da aka ɗauka. Aka ce in biyo su ofis. Babu takardar umarni da aka nuna mana, babu rasit, babu wanda ya rubuta ko sunana. Rumfa goma sha ɗaya aka yi wa haka a layinmu kaɗai, aka haɗa kayan kowa wuri guda kamar an share bola. Ku gaya mini, in mutum ya tare ka a titi ya karɓe wayarka ba takarda, me muke kiran wannan a Kano? To in an karɓe jarinka ba takarda fa, wane suna za mu ba shi?

Kada wani ya ce ina kare baƙaƙen bindigogin nan ne. Ba na kare su. Ni nake sayar da su, na fi kowa sanin abin da suke. A cikin duhu, a lungu, in matashi ya zaro ta ya ɗora maka a ciki a bayan adaidaita sahu, ba za ka tsaya tambayar ko roba ce ba, wayarka za ka miƙa. A garin da ƙwacen waya da faɗan daba suka hana mutane sakat, babu mai hankalin da zai ce a ƙara wa ɓata-gari kayan aiki. Harsashin robar ma ba wasa ba ne. A unguwarmu akwai yaron da aka harba wa a ido ranar wata Sallah, an yi ta zarya da shi asibiti, har yanzu idon ba ya gani sosai. Kuma mu da muka kwana a garin nan ranar 20 ga Janairun 2012, ranar harin Boko Haram, muka ji abin da muka ji tun daga la'asar har dare, mun san bindiga ba abar raha ba ce. Jami'in da ke tsaye a shingen bincike da daddare, in ya hango baƙin abu a hannun yaro, ba shi da lokacin tantancewa. A Amurka ma, a 2014, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice a birnin Cleveland, yana wasa da irin wannan bindigar. Ba na fatan ganin haka a Dorayi ko Kurna, ba na so a ce daga rumfata ta fito.

Don haka a hana su. Na yarda, hannu bibbiyu. Amma hani yana da hanya.

Ita Amurkar, tun 1988 ta yi doka cewa bindigar wasa mai kama da ta gaske sai an sa mata toshi mai launin ruwan lemo mai haske a baki. Mai ƙerawa ya sani, mai shigowa da ita ya sani, mai sayarwa ya sani. Birtaniya ta yi tata dokar a 2006, ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da duk wadda ba za a iya bambanta ta da ta gaske ba, amma wannan sashen bai fara aiki ba sai Oktoban 2007, an ba mutane lokaci su san inda suka dosa. Suka kuma fayyace cewa in yawancin jikinta launi ne mai haske, ja ko kore ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, ba ta cikin haramcin. Ko Afghanistan, da ta hana bindigogin wasa a 2015 bayan yara fiye da ɗari sun ji rauni a ido a bikin ƙaramar Sallah, fitowa aka yi aka sanar duniya ta ji. Da waccan ƙa'idar launin ake bi a nan, kwalina shida suna nan a rumfa, biyun kuma da hannuna zan miƙa su.

Mu fa? Gidajen rediyo sun fi a ƙirga a garin nan, har tallan maganin basir muna ji sau goma kafin a sha ruwa. Muna da shugabannin kasuwa, muna da shugaban layi, muna da lasifikar masallaci. Wa aka aiko wa da takarda? Wa aka kira taro? Da a farkon Sha'aban aka ce mana ga irin da aka hana, ga irin da aka bari, wa zai zuba kuɗinsa a wuta da gangan?

Sai kuma babbar tambayar, wadda duk wanda na yi wa ita sai ya kau da kai: ta ina kayan nan suka shigo? Ni ban taɓa zuwa China ba, ko Legas sau biyu na taɓa zuwa. A China ake ƙera su, a garuruwa irin su Shantou, a tara su a kasuwar Yiwu, a cika kwantena, ta keto teku ta sauka a tashar Apapa ko Tin Can da ke Legas. A biya haraji, a buga hatimi, a ɗora wa tirela ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, ta wuce shingaye iya son ranka. A sauke a sito, babban dila ya raba wa 'yan sari, ni kuma in je da baro in ɗauko kwali takwas. A duk tsawon wannan tafiyar ba wanda ya ga makami, sai da kayan suka iso teburin talaka suka rikiɗe. An bar jaki ana dukan taiki. Wani abokina mai aikin fiton kaya ya nuna mini jerin abubuwan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan ɗungurungum. Akwai ƙaramar bindiga mai aiki da iska, akwai ƙaramar bindigar da aka ɓadda kamanninta. Na bi jerin daga sama har ƙasa, ban ga bindigar ruwa mai bakin kifi ba.

Kuma sitocin da muke sarowa suna nan a buɗe. Ranar da aka kwashe namu, ranar ma an yi lodi a can.

Waɗanda ba 'yan kasuwa ba za su ce ai 'yan robobi ne, nawa suke? To bari in gaya muku. Mai kayan wasa kasuwarsa biyu ce a shekara, ƙaramar Sallah da babba, sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin Mauludi da Kirsimeti. Yaro ya tara barka da Sallarsa ya zo da ita a dunƙule a hannu, da ita muke cin abinci har wata uku. Tun da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin da da yake ɗauko kwali goma yanzu uku yake ɗaukowa da ƙyar. Rabin kayan nan bashi na karɓo, a kan in biya bayan Sallah. Sauran rabin kwasar adashin maiɗakina ne, wata goma tana zubi daga kuɗin kitso da sayar da ƙanƙara. Da na koma gida a daren nan ta kawo mini kunu, ta ga ban taɓa ba.

"Malam, lafiya?"

Na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah Ya mayar da alheri." Ta tashi ta shiga ɗaki. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sau biyar ina zuwa ofishin. Ranar farko oga yana taro. Ta biyu oga ya tafi masallaci. Ta uku aka ce mai riƙe da makullin sito bai zo ba. Ta huɗu wani ya ja ni gefe, ya ce, "Alhaji, kai ma ka san yadda ake yi, ka ɗan motsa mana." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na zama Alhaji. Na ce ba ni da abin motsawa, abin motsawar ne a sitonku. Ta biyar, bayan Sallah, aka ce an ƙone kayan. A ina? Yaushe? Wa ya shaida? Ina hoton? Mutanen da in sun kama buhun ƙwaya ɗaya sai sun tara 'yan jarida, su ne suka ƙone mota biyu ta roba ba wanda ya ga hayaƙi?

Ni dai ga abin da idona ya gani. Washegarin Sallah na kai yara gaida kakarsu cikin gari. Tun daga Ƙofar Mata har muka shige lunguna, yara ne ko'ina da baƙaƙen bindigogi, suna laɓewa bayan motoci suna harbin juna. Ko ɗaya ba ta ragu a titi ba. Ba mamaki, ai yaro da son bindiga ba yau aka fara ba. Mu ma da karan dawa muka yi tamu, da muka ƙara wayo muka koma ta sifok ɗin keke da kan ashana, muna kwaikwayon 'yan bindigar Sarki a hawan Daushe. Abin da ya tsayar da ni daban ne. A bakin wani titi wani saurayi ya baza kaya a kan buhu, yana sayar da bindigar ruwa ƙasa da kuɗin da na saro ta. Yana zaune a kan kwali. Ni kuwa duk kwalin da ya shigo rumfata sai na zana masa alama da jar maka a kusurwa, tauraro da lambar rumfa, saboda 'yan dako suna yawan haɗa kaya. Na sunkuya na duba. Tauraron yana nan, lambar tana nan.

"Samari, ina ka saro wannan?"

"Baba, wani ne ya ba ni in sayar masa."

"Wane ne?"

Ya fara naɗe buhunsa. Ban riƙe shi ba. Da me zan riƙe shi? Ba ni da rasit ɗin da ya ce an taɓa karɓar kwalin daga hannuna. Ɗan autana yana jan rigata yana cewa "Baba saya min mai kifin," na zaro kuɗi na sayi kayana da kuɗina, don kada yaro ya yi kuka a titi ranar Sallah.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A fito da doka a rubuce, da Hausa, da hoton irin da aka hana, a manna a ƙofofin kasuwa. A tare ta a tashar jirgin ruwa da sitocin manya kafin ta iso gare mu. In an zo kamu, a zo da takarda, a ƙirga a gabana, a ba ni kwafi. In za a ƙone, a ƙone a gaban shugabannin kasuwa. Kwalina shida kuma da ba su yi kama da komai ba sai abin wasa, a biya ni.

Shekaranjiya dilan da yake bina bashi ya kira ni. Bayan ya tuna mini da sauran kuɗinsa, sai ya ce sabuwar kwantena ta iso ta babbar Sallah, kwali nawa zai ajiye mini? Na ce, "Alhaji, wace iri ce aka yarda a sayar, wace iri ce aka hana?" Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma bai sani ba, amma baƙaƙen sun fi tafiya, in ina so in yi sauri kafin su ƙare.