Mijin bai taɓa dukanta ba

Marubutan littattafan Hausa, ina da ƙorafi a kanku. Duk matar da ta fara zautuwa a gidan miji a labaranku, nan da nan kun nemo mata dalili daga waje: kishiya ta binne laya, uwar miji ta je wurin boka, ko aljani ya aure ta. Da an nuna wa mai karatu mugun, hankalinsa ya kwanta.

Akwai gajeren labarin da wata Ba'amurkiya, Charlotte Perkins Gilman, ta fitar a 1892, The Yellow Wallpaper. Babu mugu a ciki, amma ya fi duk waɗannan hana barci. Mai jego ce ke ba da labarin. Mijinta John likita ne, yana sonta, yana lallaɓa ta kamar ƙaramar yarinya. Ya kama hayar wani tsohon gida na wata uku don ta huta, ya sa ta a ɗakin sama mai ƙarafa a taga, gadon ma a kafe yake. Ba aiki, ba ziyarar dangi, ba rubutu. Ta ce jikin fa ba daɗi, ya ce ai ga shi har ƙiba take yi, kuma shi ne likita.

Ba abin kallo sai takardar ado ruwan ɗorawa da ke manne a bango. Tun tana ƙyamar zanen har ta fara ganin wata mata a bayansa, tana jijjiga shi tana neman fita. Ƙarshe ta yayyage takardar, ta ce ai ita ce, ta fito. John ya shigo ya yanke jiki ya faɗi, ita ko ta ci gaba da rarrafe tana haye shi.

Gilman ta ɗanɗana da kanta. A 1887 Dakta Silas Weir Mitchell ya yi mata irin wannan jinyar, ya ce kada ta ƙara taɓa alƙalami.

To mu ba mu da irinta ne? Yarinyar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, maigida ya fita tun asuba, sunanta ya koma Amarya, daga nan Maman Wane. In ta yi kuka ya ce, "Me kika rasa, ci ko sha?" In ta buga waya gida, Inna ta ce, "Haƙuri za ki yi, 'yar nan, mijinki mutumin kirki ne." Kuma gaskiya Inna ta faɗa, mutumin kirkin ne. Wannan matar nake so ku rubuta mana daga cikin kanta, ku bar boka ya huta ko na littafi ɗaya ne.