Gwajin fitsari ba ya gano baƙin ciki

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA suka amince a 2025 cewa a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya na dole, nake jin jama'a suna ta sambarka, kai ka ce an gano bakin zaren. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya daɗe yana wannan kira, har ma yana son a riƙa gwada masu shirin aure. Ni ban ƙi gwaji ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da nake samu a majalisa duk sa'ad da na tambayi me za a yi wa yaron da gwajin ya kama. Amsar ɗaya ce: a kore shi, ya zama darasi ga na baya.

Fitsari zai nuna akwai tramol ko kodin a jikin mutum. Ba zai nuna cewa mai fitsarin ya yi wata shida rabonsa da barcin kirki ba, ko cewa kullum yana wayewar gari da fatan da bai farka ba.

Ɗan yayata ne ya koya mini wannan. Bayan rasuwar mahaifinsa ya daina zuwa ƙwallo, ya daina zama da abokai, ɗakinsa kullum a rufe. A kai masa abinci da rana, da magariba a ɗauko kwanon yadda aka kai shi. Muka ce lalaci ne, muka yi ta faɗa. Sai da aka yi kusan shekara sannan uwarsa ta tsinci fankon tramol a aljihun wandonsa wajen wanki, nan take dangi suka samu sunan da za su kira matsalar: ya zama ɗan ƙwaya. Aka haɗa kuɗi aka kai shi wani gidan gyaran hali, ya yi wata uku a kulle, ya fito ya yi ƙiba, kowa yana hamdala. Ko sati uku bai cika ba ya koma. Ranar da na ritsa shi a soro ina zazzaga masa masifa, bai ɗago kai ba, cewa ya yi, "Kawu, wallahi ba don daɗi nake sha ba. In ban sha ba ko daga kan katifa ba na iya tashi."

Likitan ƙwaƙwalwar da muka gani daga baya tambaya ɗaya ya fara yi, wadda duk cikinmu babu wanda ya taɓa yi: wanne ya riga zuwa, rufe ɗakin ko ƙwayar?

Akwai dalilin da ya sa tramol ke kama mai ciwon damuwa da ƙarfi haka. Ban da kashe zafin ciwo irin na dangin kodin, yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa guda biyu, serotonin da noradrenaline, waɗanda su ne magungunan ciwon damuwa na asibiti suke aiki a kansu. Wato yaron da ya haɗiyi ƙwaya biyu ya ji nauyin ƙirjinsa ya ɗaga ba ƙarya yake yi ba. Sai dai sauƙin na 'yan sa'o'i ne. Da ta sake shi, duhun ya dawo fiye da da, jiki ya saba, biyu ta zama huɗu. Ta ɗaya hanyar ma haka ne: wanda ya fara shaye-shaye lafiya ƙalau, don ƙarfin aiki ko biye wa abokai, yakan wayi gari cikin ciwon damuwa bayan ya rasa sana'a da mutunci da amincewar gida. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Shi ya sa in ka raba mutum da ƙwaya ka bar shi da ciwon da ya kai shi gare ta, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Gane ciwon ba sihiri ba ne. Idan mutum ya yi sati biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake so da ya fita daga ransa, barci ya lalace, cin abinci ya canza, yana ganin kansa ba shi da amfani, to a nemi likita. Gaskiya ne barin ƙwaya shi kansa yana kawo irin waɗannan alamu, don haka likitoci sukan sa ido na kamar wata guda bayan an daina. In ƙuncin ya wuce nan, ko kuma dama ya riga shan zuwa, ciwo ne mai zaman kansa da ke son nasa magani. Amma wanda ya fara maganar gara ya mutu ya huta, ba a jira masa wata guda, ko kwana guda. Kuma kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis. Haɗa tramol da magungunan damuwa irin su fluoxetine ko amitriptyline yana iya jawo jijjiga da abin da ya fi haka muni, sannan diazepam da ake miƙa wa mutane don barci ita ma kama jiki take yi, tsayar da ita farat ɗaya kuma haɗari ne. Maganin asibiti yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, a wannan tsakanin ne iyalai da yawa suke cewa bai yi ba, su watsar.

Masu cewa duk rashin tarbiyya ne ina so su gaya mini tarbiyyar da ta rage ba a yi ba. An yi duka, an yi ɗauri. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, bayan nan aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, suna biya, domin ba su san wata ƙofa ba. Masu cewa raunin imani ne kuwa, su koma Suratu Yusuf su ga Annabi Yaƙub wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Wa zai ce imaninsa ne ya gaza? Addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba, an ma umarce mu da nemansa. Batun hukuncin kisa ga dillalai da Majalisar Dattawa ta taso da shi a 2024 ba zan ɓata tawada a kai ba, don ko an rataye dillali ciwon mai saye yana nan.

Mun riga mun gwada toshe hanya kaɗai. A watan Mayu na 2018, bayan binciken BBC, gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada ta koma bayan fage, masu sha suka nemi wani abu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka (UNODC) a kan shekarar 2017 ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan, kusan miliyan 3 sun kai matakin da suke buƙatar magani, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Matar da ta haihu ta shiga ƙunci, ba ta barci, tana kuka ba dalili, aka ce mata aljanu ne ko shagwaɓa, ƙawa ta miƙo mata kwalba a cikin lemo, wane gwaji ne zai kai gare ta a cikin ɗaki? In ma ya kai, saki zai jawo mata.

Abin takaicin, doka tana nan. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma suna ta ficewa waje. Mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, ga kunyar a ce an gan shi a asibitin mahaukata. Sashe na 231 na kundin Penal Code kuma ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, wato marar lafiyar da ya fi kowa buƙatar likita shi ake nuna wa ƙofar kurkuku. Wannan abin kunya ne.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk wanda gwaji ya kama, a zauna da shi a asirce a tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da abin da ke ransa, kafin a tambaye shi wa ke sayar masa. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da mhGAP, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan lafiya kula da ciwon ƙwaƙwalwa, a riƙa duba cututtukan biyu a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya. Makarantar da ba ta da ko mutum guda da zai iya wannan zama na rabin sa'a da ɗalibi, kada a ba ta kayan gwajin.