Wasiyyar da na bari a sararin samaniyar Daura

Duk wanda ya ce maka ƙaramin jirgin sama abin shaƙatawa ne, tambaye shi ko an taɓa ɗora shi kan sikeli a gaban ɗan ƙanwarsa. Ni an ɗora ni. Abba, yaron da na yi wa huɗuba da bakina, ya je kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya fito da lasisi. Sai ga shi a Katsina da wani ɗan jirgin haya mai kujera huɗu, Cessna 172, wai yana tara awannin tashi. Ya ce zai zaga da ni Daura mu dawo. Bai rufe baki ba na amsa.

Tun cikin hunturu aka so yin tafiyar, hazo ya hana. Wai matuƙin da ke tafiya da ido, ba da na'ura ba, doka ta ce sai yana hangen kilomita 5 a gabansa. Na ce direbobin tasha ko bonet ɗinsu ba sa gani, suna kai mutane Kano lafiya. Ya ce su in abin ya yi tsanani suna da gefen titi.

Da Afrilu ta kama ya ce in zo filin jirgi ana idar da Asuba. Dalilinsa, in rana ta take iska tana yin shara-shara, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rasa abin dafawa, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Na iso da babbar riga mai aska takwas, da buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa, tsarabar taubashina na Daura. Abba ya dubi kayan, ya dube ni.

"Kawu, ai ba sauka za mu yi ba. Zagayawa kawai."

"To mu jefa mashi ta taga."

Ya ce haramun ne a jefo komai daga jirgi ba da izini ba. Sannan ya jawo sikeli. Kilo 108 ya rubuta, da biro, a takarda, gaban ma'aikata. Wai duk abin da jirgin ke ɗauka, mutane da kaya da mai, bai wuce kilo 400 da wani abu ba, kuma cikakken tanki kaɗai ya haura 140. Ba nauyin kawai ba, har inda aka aje shi: kaya su yi yawa a baya, hancin jirgi ya ɗaga sama ya ƙi saukowa. Shinkafa ta koma but ɗin mota.

Daga nan ya shiga zagaye jirgin yana shafa shi. Ya tsuguna ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi garai-garai, ya tatso mai, ya ɗaga saitin haske yana ƙura masa ido kamar ɗan bumburutu mai zargin an yi masa algus. Man shuɗi ne. Ya ce in akwai ruwa zai kwanta a ƙasan kofin, kuma gara a gan shi nan da inji ya gan shi a sama. Wannan kam ban yi gardama ba.

Cikin jirgin kafaɗa na gogar kafaɗa. Ya sa na cire hulata saboda abin kunne ya zauna, ya tattare hannun rigata ya cusa ƙarƙashin bel. Abin mamaki, ni ma akwai sitiyari a gabana, irin nasa sak.

"Kawu, don Allah kada ka taɓa komai. Ƙafarka ma janye ta daga fedar nan. Wannan ɗan maɓallin na jikin sitiyari kuwa, na magana da hasumiya ne, wato masu ba jirage izinin tashi da sauka. Kuma lokacin tashi da sauka, a yi shiru."

Yaron da nake aika sayen goro ke ce mini a yi shiru. Na haɗiye.

Tashin kam ba laifi. Gari ya koma ƙasa, gonaki suka baje jajur suna jiran damina, titin Daura ya miƙe siriri. Tafiyar kilomita 80 da ke cin awa a mota, ba mu cika rabin awa ba muka hango gidan Sarki. Nan na ce ya sauko ƙasa-ƙasa ta wajen Kusugu, saitin gidan taubashina, in ɗaga masa hannu ya san cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Abba ya ce a kan gari ba a yin ƙasa da ƙafa 1,000 daga abin da ya fi komai tsawo a wurin, a daji kuma ƙafa 500, ga dogayen ƙarafunan kamfanonin waya ko'ina. Daga ƙafa dubu wa zai gane aska takwas? Na ce to mu leƙa Nijar ta Kongolam, tunda ga ta nan, kuma babu shinge a sama. Ya ce shingen sama ya fi na ƙasa tsanani, ba a tsallaka iyaka sai an shigar da takardar tsarin tafiya an samu izini tun kafin a tashi. A ganina dokokin nan an yi su ne ba tare da an shawarci dattawa ba.

Na dai matsa masa muka yi ta zagaya garin ko mutumin zai fito tsakar gida. Bai fito ba. Kafin mu juyo rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara tasowa gungu-gungu, irin wadda shirwa ke hawa ba ta kaɗa fiffike. Jirgin ya yi sama, ya rafto, kunun da na sha ya zo gaida maƙogwaro. Abba ya karkata don kauce wa wasu tsuntsaye, ƙasa ta dawo ta tagata. Na damƙi abin da ya fi kusa da ni, na kama salati.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na fara abin da kowane mai hankali zai yi.

"Abba, in ka tsira, ka gaya wa Hajiya akwai kuɗi cikin buhun gero a ɗakin baya. Mai shagon kusa da ni ina bin shi kuɗin atamfa turmi goma, kada ya ce ya biya. Taubashina kuwa ban yafe mashi tunkiyar nan ba. Ladidi mai abinci a yafe mata bashinta duka."

Sai ji na yi an buge mini hannu. Abba ne. Ashe babban yatsana na kan maɓallin, kuma muddin mutum ɗaya ya danne shi, ba mai iya magana a layin, ko hasumiya ko wani jirgi. Kowa sai dai ya saurara. Suka kuwa saurara.

Layin ya yi tsit. Can mutumin hasumiya ya yi magana da Turanci, murya na ɗan rawa, ya ba mu titin sauka. Abba ya ba da haƙuri, kunnuwansa na tururi. Muka sauka lami lafiya, tayoyi suka ɗan yi ƙara, shi ke nan. Aka kira shi ofis ya yi bayani, ni kuma na tsaya gindin fiffike ina gyara hula. Wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya matso, ya rusuna da ladabi.

"Barka da sauka, Alhaji. Buhun na hagu ne ko na dama?"

Ban kula shi ba. Katsina dai ƙaramin gari ne, kuma ban san ɗan yayar Hajiya na aiki a filin ba. Na isa gida na wuce ɗakin baya kai tsaye, na iske ta zaune daram a kan buhun tana tsintar wake. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Na ƙirga, sun cika. Wace ce Ladidi?"